Kwalaben Man Riɗi a Bakin Taga

Kalakla, ranar Laraba

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Zuwa ga ɗana Isma'ila, autan gidana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, ko a bas ka buɗe ta, ko sai ka sauka Bur Sudan ka wanke ƙurar hanya. Allah ya kiyaye hanya, ya tsare ka daga sharrin ƙarfe da sharrin mutum, ya haɗa ka da abokan zama nagari. Mahaifiyarka ce ta cusa takardar a ƙasan jakarka, ƙarƙashin busasshiyar kuɓewa, don ta san in da hannuna zan miƙa maka, za ka ce "Baba, mene ne a ciki?" ni kuma in fasa bayarwa.

Da Hausa na rubuta, da ajamin da na koya a allo tun muna kambo, zangon ma'aikatan gonar auduga, a Jazira. Na san sai ka yi ta tuntuɓe kafin ka kai ƙarshe, ku 'yan yanzu da kuke fara magana da Hausa ku ƙarasa da Larabci. Ka yi haƙuri. In na ɗauko Larabci zan shiga yi wa zance kwalliya, abin da zan faɗa maka kuwa ba ya son kwalliya.

Alhamdu lillahi. Tun ranar da ka dawo daga hidimar soja da ƙafafunka biyu nake barci har da minshari. Ga shi kuma an ɗauke ka aiki a masana'antar gishiri, an ce mutum talatin ne za su kasance a ƙarƙashinka. Mahaifiyarka ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo. Ni ma na yi murna ƙwarai, hankalina ya kwanta. Amma da na ji kalmar nan "a ƙarƙashinka" sai na tuna ni ma na taɓa tsayawa a inda za ka tsaya.

Akwai shekarar da saura ƙiris mutum goma sha bakwai su rasa abincinsu a matsar man riɗi ta Omdurman, kuma ni ne sanadi. Kana aji biyu a firamare lokacin, muna zaune a unguwar Mayo. Ka san na taɓa zama rayis, wato shugaban ma'aikata, ka kuma san daga baya Adamu mijin yayarka Hawwa ne ya karɓa. A gida an ce maka gajiya na yi. Ban gaji ba, yau zan gaya maka yadda aka yi.

Ba don na iya da mutane aka ba ni rayis ba, hannuna aka gani. Tun a Jazira ba mai kamo ni a tsinkar auduga, da na zo birni na shiga matsa kuma, cikin 'yan shekaru ba wanda ya kai ni sanin riɗi. In na damƙa a tafin hannu na san na Gadarif ne ko na yamma, na san ko ya sha raɓa. Da tsohon rayis ya rasu sai Alhaji mai matsa ya ce, "Haruna ya fi kowa aiki, a ba shi." Ni ma na ga daidai ne. Ba wanda ya tsaya ya tambaya ko mai iya matse riɗi ya iya sauraron mutum. Aka ɗauke ni daga aikin da na ƙware aka ɗora ni a kan wanda ban taɓa koya ba, ina ta fankama. Kai ma takardar injiniya aka gani aka ba ka mutane, takardar nan kuwa ta inji ce. Ka shiga wurin da sanin cewa a sha'anin mutane ɗan koyo ne kai. Ka nemi wanda ya daɗe a wurin, ko da mai gadi ne, ka riƙa tambayarsa.

Da na sami wuri sai na yi abin da kowane ɗan kambo zai yi, na aika gida. Lokacin noman auduga ya fara lalacewa, mutanenmu na ta kwararowa Mayo suna neman aikin yini. Na kwaso 'ya'yan 'yan'uwa da ƙannen abokai har suka cika matsar. Ban yi nadamar wannan ba har gobe, sun ci abinci, sun yi aure, sun gina ɗakuna. Sai dai ban lura da abin da na haɗa wa kaina ba. A cikin goma sha bakwai ɗin nan babu wanda ba ya durƙusa mini. Wannan ni na raɗa masa suna, wancan ni na karɓar masa aure. Adamu kuwa suruki ne, ka san al'adarmu. Ba ya cin abinci a inda nake, ba ya kallon idona, in ya hango ni tafe sai ya tuɓe takalmi ya tsuguna, ko da a kan dagwalon mai ne. Larabawan da ke aiki a maƙwabta har tsayawa suke yi suna kallo. Ni kuwa daɗi nake ji, ina ce wa kaina ba wanda ya kai ni iya riƙon jama'a, tunda ga shi ba a musu da ni.

Ana nan sai Alhaji ya sayo sababbin injuna biyu. Tsohon injin da na koyi aiki a kansa mai sanyin jiki ne, sai ka ɗaure bakinsa tam kafin ya ba ka mai. Akwai wani ƙarfe a bakin injin da ake murɗawa da sifana. In ka ɗaure shi, tunkuzar riɗin, wadda muke kira umbaz, takan fito a bushe ƙayau, alamar ba a bar mai a cikinta ba. Shekaru na yi ina alfahari da busasshen umbaz. Da sababbin suka iso na ba da umarni ɗaya, a ɗaure tam. Akwai ɗan littafi da ya zo tare da su, ban sa kowa ya karanta mini ba, da shi ma aka riƙa fifita gawayin shayi.

Mai ya fara fitowa baƙi-baƙi, da ƙauri, yana ɗaci a maƙogwaro. Abin da ya rikita ni shi ne ba kullum ba ne. Wata garwar garau, wata kamar an toya ƙosai a ciki. Matan da ke sarin mai a kasuwar Omdurman suka fara dawo da shi. Ka san su, sai su ɗiga a bayan hannu su lasa, su dube ka kawai. Na ɗora wa riɗi laifi. Na ɗora wa wutar lantarki da ake yawan ɗaukewa. Na ce lalaci ne ya shigi mutanena, na yanke musu rabin lokacin fatur, karin kumallon nan na hantsi da kowa ke jira, don a Jazira na taso inda ake auna aiki da yawan gumi. Har rubutu na karɓo wajen wani malami na yayyafa wa injunan, saboda na fara zargin maƙwabta da hassada. Ka yi dariya in kana so, mahaifiyarka ta riga ka.

Wata rana Tijjani, ɗan ƙanwata, ya ce a gaban mutane, "Kawu, ni ina ga kamar injin nan yana zafi da yawa. Ko a ɗan sassauta?"

Ban ko auna maganar ba, abin da ya tsaya mini a rai shi ne a gaban mutane ya yi ta. Na ce, "Kai yaushe aka haife ka? Ina matsar riɗi kana tsotson yatsa." Na cire shi daga kan inji na mai da shi dakon buhu wata guda cur. Daga ranar, duk wanda na tambaya yaya aiki, amsa ɗaya ce, "Tamam, ya rayis," wato komai lafiya. Ƙauri na tashi har titi, ana ce mini tamam.

Shekarun farkon mulkin soja ne fa, kowa ya koyi riƙe bakinsa. A cikin hafla, wato motar haya, in mutum ya fara ƙorafin layin burodi, sai na kusa da shi ya juya yana kallon taga. Ni da kaina nakan dawo gida in turo ƙofa in yi ta mita cewa na sama ba sa son jin gaskiya. Gari na wayewa in tsallaka gada in je in yi wa 'ya'yan 'yan'uwana irin abin da nake kuka da shi. Ban taɓa haɗa biyun a kaina ba. Isma'ila, mutum na farko da zai kawo maka mummunan labari a wurin aikinka, ka sani sauran ashirin da tara suna kallon abin da za ka yi masa. Ka gode masa da ƙarfi yadda kowa zai ji, ka tashi ku je ku duba tare. Ko da ya zama shi ne bai fahimta ba, ka bar shi ya koma bakin aikinsa da mutuncinsa.

Adamu ma ya gwada, ta hanyar da suruki zai iya. Ya gaya wa Hawwa, Hawwa ta gaya wa mahaifiyarka, ita kuma ta ajiye mini abinci ta ɗan zauna a gefe ta ce, "Malam, an ce wai sabon inji ba ya son matsi irin na tsoho."

Na ce, "Wa ya ce?"

Ta ce, "An dai ce."

Na ce, "To a ce wa mai cewar ya zo ya koya mini aikina."

Sau biyu ta yi mini wannan maganar. Saƙo ya taso tun daga Omdurman, ya bi ta bakin mutum uku kafin ya iso tabarmata, na kore shi da bayan hannu na ci gaba da cin tuwo. In magana ta zo maka ta zagaye irin wannan, kada ka tsaya neman wanda ya faɗa. Ka tambayi kanka me ya sa sai da ta zagaya.

Ƙarshe dai Alhaji ya kira ni ofis. Mutum ne mai haƙuri, amma ranar ko shayi bai sa an kawo mini ba. Ya ce, "Ya Haruna, ni ban san harshenku ba, ban san abin da ke tsakaninku ba. In sabon riɗi ya iso daga Gadarif man nan bai gyaru ba, zan sallame ku gaba ɗaya in kawo wasu." Saura kamar mako shida ke nan. Na fito ina kallonsu ɗaya bayan ɗaya suna aiki, kowanne na san matarsa, na san 'ya'yansa, na san tsohuwar da ya bari a kambo. Da wane ido zan koma in gaida iyayensu? Abinci ya daina shiga cikina.

Akwai wani dattijo mai awo a bakin ƙofar matsar, Ustaz Babikir. Dā yana karantarwa a jami'a, aka sallame shi cikin waɗanda aka yi ta sallama a shekarun nan, ba a ko gaya masa laifinsa ba. Alhaji ɗan unguwarsu ne, ya taimaka ya ba shi sikeli. Ni kallon wanda karatu bai amfana ba nake yi masa, Allah ya yafe mini. Shi ne ya same ni a gindin darbejiya wajen mai shayi, na haɗa kai da gwiwa. Ya ja kujera ya zauna, ya kira ni yadda ake kiran gwanin sana'a, ya ce, "Ya usta, ka ba ni kwana bakwai da kwalabe marasa komai. Kada ka canza komai a aikinka, kada kuma ka gaya wa kowa dalili."

Na ce, "Kwalabe za su yi mini me, Ustaz?"

Ya ce, "Kai kana da zato, Alhaji yana da zato, ni ma ina da nawa. Zato ya yi yawa a gidan nan. Bari mu ga abin da man zai nuna da kansa."

Na yarda ne kawai don dabara ta ƙare mini. Duk bayan awa ɗaya sai ya je ya tari mai kaɗan daga bakin inji, ya liƙa 'yar takarda ya rubuta rana da lokaci. A wani littafi kuma yana rubuta abin da ke gudana a wannan awar: wane riɗi ake matsawa, an ɗauke wuta ko ba a ɗauke ba, wa ke kan inji, wa ya shiga, wa ya fita. Mutanena suka ɗauka taɓin hankali ne irin na masu karatu da yawa, suka ƙyale shi.

Rana ta bakwai ya kira ni ɗakin awo ya rufe ƙofa. Ya jera kwalaben a bakin taga, kowace rana da layinta, hasken rana na ratsa su. Ko makaho ya laluba zai gane akwai tsari. Na safe baƙi. Wajen ƙarfe goma sai a sami kwalba mai haske kamar zuma. Sai baƙi ya dawo. Wajen azahar sai haske kuma, kwalba biyu. Sai baƙi har tashi. Kowace rana haka, in ban da Talata, wadda tun daga farko har ƙarshe garau take.

Ya buɗe littafinsa ya ce, "Riɗin iri ɗaya ne duk makon. Ɗauke wuta bai zo daidai da baƙin ba, na duba. Mutanen da ke kan inji su ne dai. Abu ɗaya ne kawai yake tafiya tare da kwalaben nan. Ya usta, ina kake zuwa da ƙarfe goma?"

Na ce, "Fatur. A shagon mai ful nake cin dafaffen wake, rayis ba ya sa hannu a kwano ɗaya da yaransa."

"Da azahar fa?"

"Babban masallaci, daga nan in ɗan kishingiɗa."

"Ranar Talata fa?"

Ranar jana'iza na je Kalakla, na wuni a can. Na sake duban tagar. Duk kwalbar da ta yi kyau, ta lokacin da ba na nan ce. Wallahi Isma'ila ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, gumi ya jiƙa mini jallabiya har baya.

Ustaz ne ya warware mini sauran. Ashe da zarar na sa ƙafa waje sai Adamu ya ɗauki sifana ya sassauta bakin injunan, ya bar umbaz ya fito da ɗan danshi, ya sake mayar da shi ciki a matse karo na biyu a hankali. In an hango ni tafe sai wani ya yi tari a bakin ƙofa, ya yi maza ya ɗaure kamar yadda na ce. Fiye da shekara ana haka, kuma duk goma sha bakwai ɗin sun sani. Mutumin nan ya gwammace ya ƙona mai da hannunsa yana kallo, a kan ya kunyata uban matarsa.

Kada ka ɗauka nan take na yi tuba. Fushi ne ya fara zuwa. Na ce ha'inci ne, an mai da ni abin wasa, yau Adamu zai bar matsar nan. Ustaz Babikir ya bari na gama huci sannan ya ce, "Mutumin da ya ceci man da har yanzu ake saye a wajenku, shi za ka kora? To wa zai ceci sauran?" Duk da haka ban sauko ba. Na ce kwalba ba ta san riɗi ba, ni na san riɗi.

Sai ya ce to mu gwada. Aka zuba buhuna aka gauraya sosai, aka raba biyu daidai. Inji ɗaya na ɗaure da hannuna yadda nake so, ɗayan aka bar wa Adamu. Kashegari aka yi musanyar injunan, don kada in ce nawa ne mai matsala. Ustaz ya zuba man a ƙananan kofuna iri ɗaya, ya yi wa kowane alama a ƙasa inda ba a gani, ya juya su har shi kansa ya manta wanne ne wanne. Ya kira mata uku daga cikin masu sari. Duk ukun suka nuna kofi ɗaya. Na ture su na ce a ba ni. Na shinshina, na lasa, na ɗaga kofin nan dai da suka zaɓa na ce, "Wannan nawa ne. Ko daga barci aka tashe ni na san man hannuna." Aka leƙa ƙasan kofin, na Adamu ne. Ɗaya daga cikin matan ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce, "Ya haj, ai harshenka ya fi ka adalci." Na waiga in ga fuskar Adamu, ba ya nan. Tun da aka fara ɗanɗanawa ya zagaya bayan gini, don kada ya ga an kunyata ni.

Dā ina jin an ce kimiyya sai in tuna masu farar riga a asibiti. Abin da na gani da idona kwalabe ne da littafi da haƙurin kwana bakwai. Ustaz ya gaya mini akwai ilimi sukutum da ake karantarwa a kan yadda mutane ke aiki tare da dalilin da shugabanni ke kasawa, kuma shi abin da yake koyarwa ke nan kafin a raba shi da allonsa. Kai ka yi karatu, ka nemi littattafan ka karanta, kada ka ce injiniya ba ruwansa. Ni dai ga abin da na tsinta. In aiki ya lalace, ka fara rubuta abin da ke faruwa da lokacin da yake faruwa kafin ka nemi mai laifi. In za ka gyara, ka taɓa abu ɗaya ka jira ka gani, kada ka hargitsa biyar a tare yadda na yi ka kasa gane wanne ya yi aiki. In ra'ayinka ya yi karo da na wani, ku gwada duka biyun, a ɓoye sunan mai shi. Kuma in kana lissafa abubuwan da za su iya zama sanadi, ka sa sunanka a ciki. Ni na zargi riɗi da wuta da aljanu, ban taɓa tunanin in zargi mutumin da ke riƙe da sifana ba.

Gyaran inji awa ɗaya ya ɗauka. Buɗe bakin mutane ne ya ba mu wuya. Ustaz ya riƙa jan su ɗaya-ɗaya zuwa wajen mai shayi, ba na nan, yana tambayar kowa abin da ke hana shi aiki. Ya kawo mini takarda ba sunan kowa a ciki. Rariyar tace yashi ta yage tun watanni, an ji tsoron faɗa. Bel ɗin inji ba marufi, ya taɓa fizgar rigar mutum. Fatur ɗin da na yanke yana sa hannuwa su mutu tun kafin la'asar. Wannan na ƙarshen na yi gardama, sai muka gwada, mako ɗaya yadda na yanke, mako ɗaya cikakke, muka dubi garwanin da aka cika. Na sake faɗuwa. Lokacin har na fara sabawa da faɗuwar.

Ya kuma sa muka riƙa zama kowace Alhamis kafin tashi, na ɗan lokaci kaɗan. Sharaɗinsa shi ne wanda ya fi kowa sabunta a aiki shi zai fara magana, rayis ne na ƙarshe, don in babba ya riga ya faɗi nasa, sauran sai dai su ce haka ne. Zaman farko ba wanda ya ce uffan, kowa na wasa da yatsun ƙafa. Dole na karya sharaɗin. Na ce, "Tijjani, ranar nan gaskiya ka faɗa, ni na zalunce ka. Ka yafe mini." Ya sunkuyar da kai ya ce, "Haba Kawu." Can sai wani daga baya ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Fankar ɗakin ajiya ma ta mutu." Daga nan magana ta ɓalle, har sai da ladan ya raba mu. Ka yi irin wannan zaman tun makonka na farko, kada ka jira sai an ba ka wa'adi.

Sabon riɗi ya iso daga Gadarif. Alhaji ya shigo da kwanon ful ɗinsa a hannu, ya tari mai a bakin inji, ya gutsuri burodi ya dangwala. Mu duka mun yi cirko-cirko. Ya tauna, ya sake dangwalawa, ya ce, "Ku ci gaba da aikinku." Iyakar abin da ya faɗa ke nan ya juya. Na zauna a kan buhu ina ta alhamdu lillahi. Mutum goma sha bakwai, ba wanda ya koma gida da mummunan labari.

Kashegari na je na ce masa ya ba Adamu rayis, ni ya bar ni a kan zaɓen riɗi, abin da na iya tun asali. Ya dube ni ya ce ko wani ya matsa mini. Na ce kwalabe ne. Adamu ya ƙi karɓa har kwana uku, Hawwa ta zo gida tana kuka wai za a ce mijinta ya ture ubanta. Mahaifiyarka ce ta kashe maganar. Ta ce mata, "Ubanki ya shekara yana ƙona mai, yau ɗaya ya yi abin hankali za ki hana shi?"

Amma ka san hali. Bayan kamar wata biyu na ratsa ta ɗakin injuna, na ga umbaz yana fitowa da danshi. Ban san lokacin da hannuna ya kai kan sifana ba. Na ɗora ta a bakin injin ke nan sai na ji an tsaya a bayana. Adamu ne. Ya tuɓe takalmansa, ya tsuguna a kan dagwalon mai kamar yadda ya saba, idonsa a ƙasa. Kowa ya bar abin da yake yi. Sannan ya ce, "Baba, a bar shi haka."

Shekara tara yana auren 'yata, wannan ce magana ta farko da ya taɓa yi mini wadda ba gaisuwa ba. Na dubi sifanar, na dube shi. Na miƙa masa da hannu biyu na ce, "To, rayis." Na fita wajen mai shayi na zauna, hawaye na zuba, ina dariya, har matar da ke sayar da shayin ta tambaye ni ko lafiya. Na ce mata lafiya lau, ban taɓa jin sauƙi irin na yau ba. Na san ko na mutu gobe, abincin mutanen nan ba zai sake rataya a kan taurin kaina ba.

Abin da nake roƙa maka ke nan, ɗana. Allah ya ba ka a cikin talatin ɗin nan wanda zai iya ce maka a bar shi haka, ya kuma ba ka kunnen ji tun kana da baƙin gashi, kada ka kai shekaruna.

Mahaifiyarka tana gaishe ka, ta ce ka riƙa shan ruwa da yawa, zafin bakin teku ba irin namu ba ne. Hawwa da Adamu da yaransu suna gaisuwa. Ka riƙe salla a kan lokaci. Allah ya sauke ka lafiya, ya tsare gabanka da bayanka, ya sa mutanen da aka damƙa maka su koma gidajensu lafiya kowace yamma, kai ma ya dawo mana da kai lafiya. Na yafe maka duniya da lahira.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinka,
Haruna